Daɓen Maɗaci

Bayan da Allah cikin ikonSa Ya nufe ni da cika shekara 35 ina karantar da Larabci da addini a makarantun firamare, har baƙin allo ya cinye mini gani, ƙurar alli kuma ta cinye mini murya, aka sallame ni da ɗan abin da akan sallami ma'aikaci da shi, sai na zauna dare uku ina lissafi, na tabbata cewa muddin na ajiye kuɗin nan ƙarƙashin matashin kai, to, kafin a ga watan azumi sau biyu, biki da suna da kuɗin magani za su raba shi gado alhali ina raye. Saboda haka na yi istihara, na kuma yi shawara da mutanen da ba su fi ni sanin al'amarin ba, na sayi keke mai ƙafa uku, na hannu, ƙirar Bajaj ta ƙasar Indiya, na damƙa shi ga ɗan ƙanwata bisa sharaɗin ya riƙa kawo mini balas kullum bayan sallar Isha'i.

Mutanen wasu garuruwa suna kiran wannan abin hawa Keke NAPEP, da sunan shirin yaƙi da talauci wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, amma mu a Kano Adaidaita Sahu muka san shi, domin a zamanin shirin gyaran tarbiyya mai wannan suna, wanda Malam Ibrahim Shekarau ya ƙaddamar a 2004, aka shigo mana da shi don ɗaukar mata, a hutar da su hawa bayan 'yan acaɓa. Da aka zo aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairu na 2013 kuwa, sai tituna suka koma ruwan ɗorawa tun daga Kurna har Na'ibawa. Ita kalmar Adaidaita Sahu daga masallaci aka aro ta, ita ce abin da liman yakan waiwayo ya faɗa wa mamu kafin kabbarar harama; ni kuwa, da na yi shekaru ina tsayuwa a sahun farko, ina shaida cewa ban taɓa ganin wata halitta da ta jahilci sahu kamar waɗannan kekuna ba, gama idan ka tsaya a Bata ko Ƙofar Wambai da yamma za ka ga biyar sun jeru, ba kafaɗar da ta san inda 'yar'uwarta take.

Da farko al'amari ya yi albarka. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, balas ya fara zuwa da rama, ni kuma hannuna ya fara ƙanƙancewa, har ya zama duk abin da yaron ya ce a gyara sai in ce a jinkirta, in kawo masa hujja cewa gaggawa daga Shaiɗan take. Ta haka ne birkin hannu ya mutu ba a yi masa ko ta'aziyya ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, zai yi masa amfani nan gaba.

Ran nan, cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan bayan Azahar, ina zaure ina bitar wani littafi, sai na ji keke ya tsaya a ƙofar gida a lokacin da ba nasa ba. Na leƙo, sai ga yaron tsuru-tsuru, ga kuma wata Hajiya mai cikar kamala da cikar jiki tana saukowa, ƙafar dama cikin takalmi mai tsini ruwan zuma, ta hagu kuwa yadda Allah Ya halicce ta. Bayan gaisuwar da ba ta yi tsawo ba, aka karanta mini ƙara. Ashe suna cikin tafiya ne wajen Ƙofar Nasarawa, ta gyara zama, ta danna dunduniya a kan shimfiɗar robar da ke daɓen keken, robar ta lotsa, takalmi ya bi ta wata kafa ya sauka kan kwalta, motoci kuma suka bi ta kansa ko suka tafi da shi, Allah ne masani.

Na gyara murya, na bayyana mata da lafazi mai taushi cewa a shari'ance ramuwa tana hawa kan abin da aka salwantar ne kaɗai, abin da ya salwanta kuwa wari ɗaya ne, saboda haka rabin kuɗin takalmi ne ya wajaba a kaina. Ta dube ni tun daga hula har ƙafa, ta ce, "Malam, da ƙafa ɗaya ka gan ni, ko kuwa a kasuwarku wari-wari ake sayarwa?" Na laluba cikin abin da na haddace ban sami nassin da zai tare wannan magana ba. Na biya kuɗin duka biyun. Ta tuɓe na daman ta ajiye mini a dokin ƙofa, ta ce tun da na biya ya zama halalina, ta karɓi aron silifan uwargida, wanda shi ma har yau bai ga hanyar gida ba.

Da ta tafi na sa yaron ya yaye robar. Lalle wanda bai ga abin da na gani ba, ba zai san yadda ƙarfe yake tsufa ba. Daɓen nan duk ya koma ja, yana tashi saɓa-saɓa kamar ɓawon gyaɗa, a tsakiyarsa ga huji wanda kan jariri zai shige, gefensa kamar ɓera ya gaigaye. Na sa babban yatsa na danna wani wuri da na zaci mai lafiya ne, yatsan ya shige kamar cikin waina. Ina durƙushe ina leƙen ƙasa ta cikin hujin nan, sai ga kazar maƙwabta ta bi ta ƙarƙashi da 'ya'yanta, ta ɗago kai muka haɗa ido. Yaron ya ce, "Kawu, ai na sha faɗa maka. Ruwa ne yake shiga ƙarƙashin roba, daga takalman fasinja da feshin da yake bugowa ta gefe, robar kuma ta hana shi bushewa, 'yan kafofin da zai tsiyaye ta cikinsu laka ta toshe su. Ga masu buhun gishiri da na taki, su ne ma suka fi cin ƙarfe." Na ce masa ban tambaye shi tarihi ba.

Washegari muka je wurin wani mai walda a bakin titi, mutum mai ƙarancin magana, mai baƙin tabarau a goshi. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce magani ɗaya ne: a yanke duk inda tsatsa ta ci, a kawo farantin ƙarfe sabo a yi masa walda, a shafe shi da jan fentin da yake hana tsatsa ciki da bai. Na tambayi kuɗi, ya faɗi abin da, da na auna shi da ma'aunin da na fi ganewa, ya kama balas na kwana 12 cur. Na ce masa zan yi nazari, na juya ina salati a zuci.

Da La'asar na kai mas'alar majalisarmu da ke gindin dalbejiya kusa da masallaci, inda ba a taɓa kawo wata magana ta tashi ba a yi mata mazhaba uku ba. Malam Na'ibi, wanda mutum ne mai bin mashhurin zance a kowane abu, ya ce ƙarfe da ƙarfe ake gyara shi, a koma wa mai walda. Wani matashin malamin makaranta da yakan rakuɓe a gefenmu ya zaro wayarsa, ya nuna mana hoton farantin alminiyam mai ƙuraje-ƙuraje don kada ƙafa ta zame, ya ce ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, illa dai waldar bakin titi ba ta haɗa shi da baƙin ƙarfe, sai a ɗaure shi da noti. Sa'an nan wani dattijo da muke kira Direba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko, ya tofar da goro, ya ce mu duka yara ne. Ya ce motocin da suka kwashe dalar gyaɗa da kayan fatake, bodinsu na katako ne, daɓensu na katako ne, an loda musu buhu ɗaruruwa da shanu masu ƙaho, ba a taɓa jin takalmin kowa ya faɗi ba.

A nan ne Shaiɗan ya shigo mini ta ƙofar ilmi, wadda ita ce ƙofar da malami ba ya sa wa sakata. Na ji zuciyata ta yi fari, na ce wannan ai ƙiyasi ne cikakke mai rukunai huɗu: ga asali, wato babbar mota, ga reshe, wato keke, ga illar da ta haɗa su, wato ɗaukar nauyi bisa taya, hukunci kuwa ya fito da kansa, domin abin da ya ɗauki sa, ɗaukar Hajiya a gare shi min babi aula ne. Ladan, wanda ba ya son a rufe zance bai sa baki ba, ya ƙara da cewa ai jirgin Annabi Nuhu, Alaihissalamu, da alluna da ƙusoshi aka yi shi, ya kuwa tsallake ruwan da ya fi na Agusta. Na'ibi ya girgiza kai bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin ijma'i.

Da dare na warware wa uwargida hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya, tana tankaɗe tana saurare. Da na kai kan jirgi sai ta dakata, ta ce, "Malam, wancan da umarnin Ubangiji aka sassaƙa shi. Naka kuwa, in ban yi kuskure ba, da umarnin rowa za a sassaƙa shi." Na ce mata wannan fage ne na maza.

Don kada a ce ban yi wa sauran mazhabobi adalci ba, na biya ta kasuwar Ƙofar Ruwa na taya farantin alminiyam ɗin nan, aka faɗa mini kuɗinsa, na mayar da shi inda yake da hannu biyu kamar jaririn mutane. Daga nan na miƙe titin Zariya sai 'Yan Katako na Na'ibawa. Amma kafin in fita gida na riga na auna daɓen, kuma a nan ne kuskure na farko ya kwanta. Yaron ya miƙo mini tef na awo, na ƙi karɓa, na ce kakanninmu da kamu da taƙi suka auna sawaye a kasuwar Kurmi shekara ɗaruruwa ba a yi shari'a ba. Na baza tafin hannuna, wanda ɗan ƙarami ne, hannun alƙalami, na sami tsawo taƙi 6, faɗi taƙi 3, na kuma auna wurin ƙafar direba, na rubuta duka a bayan takardar magani.

Mai katakon mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin kowa ba. Ya nuna mini filawud, ya ce ba shi da nauyi amma ruwa yana kumbura shi ya ɓare falle-falle. Ya nuna mini farin katako, ya ce gara tana sonsa. Sa'an nan idona ya faɗa kan wani falankin maɗaci ja wur, mai kaurin inci 2, wanda aka jingine shi can gefe, kuɗinsa kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Ya ce, "Alaramma, wannan ɗanye ne, bai bushe ba, shi ya sa. Yana da nauyi, kuma in ya bushe zai iya murɗewa. Me za a yi da shi, turmi ko ƙyaure?" Na ce abin hawa za a yi wa daɓe. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce Allah Ya sa a dace. Ya kira yaronsa ya auna taƙi 6 a yanka, sai ga wani ƙato ya fito daga bayan tarin katako, mai tafin hannu kamar faifai. Na ga hannun nan da idona, na ga yadda ya baza shi, amma a lokacin ina can ina jayayya a kan kuɗin dako, hankalina bai kawo mini cewa taƙi yana da mai shi ba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ƙofar gidana kamar za a ɗaura aure. Na kira wani kafinta na unguwa, gwanin gado da ƙyaure, wanda bai taɓa taɓa abin da yake da taya ba, aka aro injin huda, aka aro janareton maƙwabci bisa sharaɗin in zuba mai. Mutum uku suka ciccibo falankin suka zura shi cikin keke, sai ga shi ya leƙo ta dama ya leƙo ta hagu, keken ya zama kamar jaki da aka ɗora wa azara. Kafinta ya sa zarto. Aka gwada, bai zauna ba, domin ashe daɓen keke ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar na ɗaki, yana da tudu da kwari da lanƙwasa a kusurwoyi. Ya sake yanka, aka gwada, ya tokare ta baya. A yanka na uku ni na riƙe fensir, na ja layi da hannuna, na ce a bi nan. Aka bi. Falanki ya faɗa ciki salin-alin, ya bar rata ta yatsa uku a kowane gefe, muka cusa guntayen tsohuwar taya muka toshe, na ce wa jama'a dama haka ake so don iska ta riƙa shiga.

Da aka zo huda, sai yaron ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya don kada ya kunyata ni, ya ce, "Kawu, a yi a hankali. Injin keke a baya yake, abin sarrafa shi kuwa a gaba, saboda haka kebur na giya da na kuloci da na totur duk ta ƙarƙashin daɓen nan suka bi, haka ma bututun man birki. A bari in shiga ƙasa in nuna inda za a huda." Ni kuwa, ganin Direba da Ladan suna saurare, sai girman kai ya motsa, na ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ya ce, "Haka ne, Kawu, amma wannan ba hange ba ne, leƙe ne." Na yi kamar ban ji ba.

Huji na farko da na biyu da na uku suka wuce lafiya. A na huɗu injin ya canza murya, ya yi wani ɗan ƙara siriri kamar an taka wutsiyar kyanwa, sa'an nan ya wuce. Jim kaɗan wani yaro ɗan shekara biyar da yake tsugune yana kallo ya ce, "Malam, kekenka yana fitsari." Na sunkuya, na ga ɗigo yana sauka kan rairayi ɗaya bayan ɗaya, na yanke hukunci nan take cewa ragowar ruwan sama ne da ya maƙale, na kori yaron da cewa ya tafi makarantar allo. Aka cika huji bakwai, aka ɗaure da noti. Guntun da ya rage aka shimfiɗa shi a gaba, wurin ƙafar direba, ba a ɗaure shi ba domin noti ya ƙare. Yaron ya hau ya taka birki, ya ce abin takawar yana tokarar katako, ba ya sauka ƙasa. Na sa ƙafata na taka, na ji shi tauri kamar dutse, na ce masa wannan ita ce alamar lafiya, da can da yake lotsewa ne yake da ciwo.

Bayan La'asar na gayyaci manyan majalisa gwaji, don a yi walimar aiki a kan aikin kansa. Na'ibi ya so ya kawo uzuri, na riƙe hannunsa. Shi da Ladan da Direba suka zauna a baya, gwiwoyinsu sun ɗan tashi sama saboda kaurin daɓe, suna yaba ƙamshin sabon katako. Ni na zauna a gaba, gefen dama na yaron, na tattara babbar rigata. Keke ya tashi da nishi, gama ɗan injin da bai fi na babban babur ba an haɗa masa dattawa huɗu da rabin bishiya. Muka bi layi ana ɗaga mana hannu, ina amsawa da kai kamar hakimi ranar hawan Daushe.

A ƙarshen layinmu akwai gangara, ba mai tsanani ba, wadda take sauka zuwa kududdufin bayan unguwa, a wuyanta kuma wani mai shayi yakan kafa teburinsa da yamma. Da muka hau kan gangarar na ji yaron ya taka birki, na ji ƙarfe ya bugi maɗaci, ƙwas. Ya sake takawa, ƙwas. Ya ce, "Kawu, babu birki." Ya faɗe shi a hankali, da ladabi, kamar mai sanar da cewa an kawo abinci. Ya kai hannu ga birkin hannu, sa'an nan ya tuna, ni ma na tuna, muka dubi juna.

Abin da ya biyo baya ban ga dukkansa ba, sai daga baya na tattara ruwayoyi na daidaita su. An haɗu a kan cewa Malam Na'ibi ya fara kalmar shahada da ƙarfi. An haɗu a kan cewa Direba, wanda shekara arba'in suka zube masa a lokaci guda, ya riƙa dukan ƙarfen rufi yana ihu, "Ina karen mota? A sa weji! A sa weji!" Inda aka yi saɓani shi ne a kan abin da ni na yi. Ni dai abin da na sani, na nemi abin riƙewa, hannuna ya sami wani abu mai kauri na damƙe shi da iyakar ƙarfina. Yaron kuwa ya ce abin da na damƙa hannun totur ne, tare da hannunsa a ciki, na kuma murɗa shi har ƙarshe, ta yadda ya kasa rage gudu da giya, ya kasa kai hannu ga makulli. Tun da shi ne ya fi ni kusa da gaskiya tun farkon al'amari, na bar ruwayarsa ta yi rinjaye.

Awaki suka watse. Mai shayi ya yi tsalle ya bar mana teburi, muka ɗauki kusurwarsa, kiret biyu na ƙwai suka tashi sama, burodi ya bi iska, wani gwangwanin madara ya raka mu har bakin ruwa yana ƙara. Sa'an nan keke ya shiga kududdufi da ƙafar gaba, ya kafa hanci cikin laka, ya ɗaga baya kamar raƙumi mai shirin durƙusawa, injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Ruwan kore ne shar, iya cinya, da leda da kwaɗi. Dattawan baya suka zamo suka taru a wuyana. Muka ƙirga kanmu, muka taɓa gaɓoɓinmu, ba wanda ya yi ko ƙwarzane, sai dai mutunci.

Muna tsaye cikin ruwa ba mai magana, yara sun cika gaɓa, sai guntun katakon nan na gaba, wanda ba a ɗaure ba, ya sulale daga ƙarƙashin ƙafafunmu, ya taso sama a hankali, ya kama hanyar tsakiyar kududdufi, hular Ladan tana zaune a kansa daram kamar fasinjan da ya biya kuɗin mota. Ladan ya bi shi da kallo har ya yi nisa, ya share kainuwa daga gemunsa, ya ce, "To, Malam, ta fuskar ruwa dai hujjarmu ba ta faɗi ba." Na'ibi, wanda ya yi shiru tun ranar da aka fara zancen, ya matse hannun rigarsa, ya ce, "Wannan shi malamai suke kira ƙiyasi ma'al fariƙi." Bai ƙara ko harafi ba, ya fita ya bar mu.

Ran nan wani almajiri ne ya kira sallar Magariba, sahun farko kuma ya yi giɓi huɗu. Wani mai neman fitina ya tambaye ni daga baya ko ruwan kududdufin nan yana tsarkakewa, na ce masa sharaɗi shi ne kada launi ko ƙamshi ko ɗanɗano ya canza, wannan kuwa duka ukun sun canza, na ukun ma ni shaida ne na gani da baki. Da na shiga gida ina ɗiga, ƙwai a kafaɗa, uwargida ta kawo ruwan wanka ta ajiye, ta durƙusa ta ce, "Sannu da sauka, Malam. Ruwan ya janye?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Samari takwas ne suka ja keken da igiya, kowannensu kuma ya san haƙƙinsa. Ranar Litinin muka tura shi da hannu har wurin mai waldar nan. Na yi tanadin amsoshi iri-iri saboda gorin da na tabbata zai yi mini, amma mutumin nan ya dube ni, ya dubi falankin, ya ce, "Sannu, Baba. Katako ne mai kyau." Ya kwance notina bakwai, ya sa aka kwantar da keken a gefe, ya kira ni ya nuna mini da tsinken walda: ga wani siririn bututu, bai kai kaurin fensir ba, ya bi ta ƙarƙashin daɓe zuwa ƙafafun baya, ga hujina na huɗu ya ratsa gefensa tsaf, kamar da gangan aka auna. Ya ce ko da katako bai tokare abin takawa ba, man birkin ya riga ya tsiyaye a ƙofar gidana. Na tuna yaron da na kora makarantar allo, na ƙudura zan saya masa alewa.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya na ga yadda ake aikin. Ya fara janye kebur da wayoyi gefe, ya cire kan batir, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har sai da ya kai inda yake ƙara in an buga. Ya ɗora kwali a kan ramin ya zana siffarsa, ya yanka kwalin, sa'an nan ya ɗora shi a kan farantin ƙarfe ya fitar da irinsa, ba taƙi ba kamu. Ya ɗiga walda a kusurwoyi huɗu tukuna, ya duba zama, kana ya bi gefe-gefe. Ya huda 'yan kafofi a inda ruwa yake taruwa, ya shafa jan fenti sama da ƙasa. Bakaniken da ke kusa da shi ya sa sabon bututu, ya zuba mai, ya sa yaron yana taka birki yana saki har iska ta gama fita, ya kuma tayar da birkin hannu daga kabarinsa. Da za mu tafi mai walda ya ce wa yaron, ba ni ba, ya riƙa ɗaga roba duk ranar da aka yi ruwa, ya bar daɓen ya sha iska.

Da na zauna lissafi da dare, na tarar katako ya ci balas na kwana 4, kafinta da man janareto 2, mai shayi 3, masu igiya 1, bakanike 3, mai walda 14, domin ya ƙara na kwana 2 ladan toshe hujina, ga kuma kwana 6 da keke ya yi bai fita ba. Jimla kwana 33, a maimakon 12 da na guje wa, ban da takalmin Hajiya da silifan uwargida da hular Ladan, wadda ya ce ya yafe amma yakan ambace ta duk Juma'a.

Babban falankin bai tafi a banza ba. Kafinta ya sa masa ƙafafu, yanzu shi ne bencin majalisarmu, ya bushe ya murɗe kamar yadda mai shi ya faɗa, har wanda ya zauna a ƙarshensa yakan riƙa gangarowa kan na kusa da shi. Malam Na'ibi ba ya zama a kansa, da buzunsa yake zuwa.

Saura magana ɗaya. Duk wanda Allah Ya sa ya tsinci warin takalmin mata na ƙafar hagu, mai tsini, ruwan zuma, a wajejen Ƙofar Nasarawa, ya taimaka ya nemi majalisar da take zama a kan bencin maɗaci mai huji bakwai. Na daman yana wurina, sabo ful, na kuwa biya kuɗin duka biyun.